Yadda ake miƙar da shamakin hanci

Tsakanin kafofin hanci biyu akwai shamaki, gabansa guringuntsi, bayansa ƙashi. Wani da karkataccensa aka haife shi, wani kuma naushin dambe ko faɗuwar babur ce ta gurɗe masa. Idan karkatar ta yi yawa sai kafa ɗaya ta toshe, ga minshari, ga haɓo, mutum ya riƙa kwana baki buɗe.

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ba ya gaggawar ɗaukar wuƙa. Zai zura siririyar kyamara ya leƙa, ya ba da maganin feshi na wasu makonni, don sau da yawa kumburi ne ya toshe hanyar. Yaro kuwa galibi akan jira fuskarsa ta gama girma. In an tsayar da rana, a daina taba da asfirin, a kuma bar abinci awa shida kafin aiki.

Bayan allurar barci, likita zai tsaga daga cikin kafar hanci, shi ya sa ba a ganin tabo. Sai ya ɗaga tantanin da ya lulluɓe guringuntsin a hankali. Nan ne aikin ke neman sanyin hannu, domin in tantanin ya yage ta gefe biyu daura da juna, huda kan zauna a shamakin, wani har ya riƙa jin fito in yana numfashi. Daga nan ya yanke inda ya lanƙwashe, ya karya tsinin ƙashin da ya tokare, ya mayar da saura tsakiya. Ba a kwashe guringuntsi duka. Dole a bar aƙalla santimita ɗaya ta sama da ta gaba, su ne ginshiƙin karan hanci, in babu su sai ya lotsa. A mayar da tantani, a ɗinke da zaren da ke narkewa, wani lokaci a sa 'yan faifan roba su tallafe shi na mako guda. Duka aikin minti 30 zuwa 90 ne, kuma da yawa a ranar suke komawa gida.

Makon farko hancin ya fi da toshewa, kada a tsorata, kumburi ne. A kwanta da matashi biyu, a wanke da ruwan gishirin da likita ya rubuta, atishawa kuma a yi ta baki buɗe. Ban da fyacewa har mako ɗaya ko biyu, ko da wajen alwala, tunda a mazhabar Malikiyya shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne. Wanda aikinsa ya faɗo cikin hunturu ya riƙa sa takunkumi saboda ƙura.