Kafin Ku Kai Yara Ganin Teku a Ankara

Akwai wata magana da ke yawo a Tamale duk lokacin da Sallah ko dogon hutun makaranta ya ƙarato, kuma na gaji da jin ta. Wai ruwan teku ba ya nutsar da mutum, domin gishirinsa yana ɗaga jiki sama. Ana faɗin ta a tashar mota, iyaye masu shirin kai iyali Ankara buɗe ido suna faɗin ta, har wasu malaman makaranta da ake damƙa wa ɗalibai sun ɗauka. Yanzu kuma an samo mata shaida a WhatsApp, hoton mutum kwance a kan ruwa yana karanta jarida. Sana'ata koyar da agajin gaggawa, kuma ina gaya muku maganar nan ƙarya ce mai iya kashe ɗa.

Irin wannan hoto a Mataccen Teku ake ɗaukarsa, can gefen ƙasar Jodan, inda gishiri ya ninka na sauran tekuna kusan sau 10. Tekun Ankara gishirinsa kamar giram 35 ne a kowace lita, kuma nauyin ruwansa bai ɗara na ruwan famfo da fiye da kashi 3 cikin 100 ba. Wannan ɗan bambanci ba ya riƙe ƙato, balle yaron da ya firgita ya shaƙi ruwa. Da gishiri yana hana nutsewa, da masuntan Jamestown da Chorkor, waɗanda aka haifa a bakin ruwan nan, ba su taɓa binne ɗan'uwa ba.

Sai masu cewa ranar Talata kawai ake gudu. Gaskiya ne masuntan ƙabilar Ga ba sa fita su ranar Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, kuma ya kamata baƙo ya girmama ta. Amma ina aka ce igiyar ruwa tana hutawa ranar Lahadi? Ranakun da aka fi tafka asara su ne ranakun cinkoso, Lahadi da Sallah da Ista da Kirsimeti, lokacin da jama'a ta yi yawa har uwa ba ta iya tantance kan ɗanta a cikin ɗaruruwan kawuna. Akwai kuma uban da zai buga ƙirji ya ce ai yaronsa gwani ne, a madatsar Bontanga ya koyi iyo, har kogin Nawuni yana shiga. Alhaji, ruwan madatsa a kwance yake, na kogi kuwa ka san inda ya nufa. Teku yana zuwa yana komawa a lokaci guda, yana kuma zare yashin da ƙafarka ta taka.

Ba hana tafiya nake yi ba. Yaron da ya tashi a Sakasaka ko Aboabo ko Zangon Hausawa ya cancanci ya ga babban birnin ƙasarsa. A kai shi lambun tunawa da Kwame Nkrumah da aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara, ya ga inda aka yi shelar 'yancin kai a 1957. A yi Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, a leƙa gidan tarihi na ƙasa, a gaida dangi a Nima da Mamobi da Sabon Zango. Sai dai duk wanda ya tsaya a dandalin Black Star zai jiyo rurin teku a bayansa, kuma daga wannan lokacin yara ba su da sauran zance sai na ruwa. Don haka tun a Tamale za a yanke shawarar yadda za a yi da teku, kafin a hau mota.

Ga abin da nake so kowane uba da kowace uwa su riƙe, ko da sun manta da duk sauran. In kun isa bakin ruwa za ku ga raƙuman ruwa suna fashewa da farin kumfa dama da hagu, a tsakani kuma akwai wani ɗan fili da ya lafa, ba kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Duk uwa mai hankali can za ta tura 'ya'yanta, ta ce nan ya fi sauƙi. To nan ne wurin da ya fi ko'ina haɗari, lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa hanya ta cikin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya bi ta nan da gudu zuwa ciki. Saboda hanyar tana da zurfi shi ya sa igiya ba ta fashewa a kanta, shi ya sa take kama da wurin lafiya. Gudunta yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya, wanda ko zakaran ninƙaya na duniya ba zai iya yi mata gaba da gaba ba. Ku tsaya a tudu ku lura na 'yan mintuna. In kun ga leda ko ciyawa ko kumfa suna tafiya ciki maimakon su dawo gaɓa, kun ga hanyar. Kuma tana canza wuri. Inda aka yi wanka lafiya da hantsi yana iya zama ita da la'asar. Ina sake faɗa: wurin da ya lafa a tsakiyar raƙuman ruwa, kada ƙafar yaro ta taɓa shi.

Dokata ga iyalin da ya zo daga arewa mai sauƙi ce. Wanda bai iya iyo a teku ba, ruwa kada ya wuce masa gwiwa, ƙaramin yaro kuwa idon sawu, hannunsa cikin hannun babba. A raba yara tun kafin a sauka daga mota, a ce Hajiya ke ce da waɗannan biyu, Kawu kai ne da wancan, domin yaron da kowa ke lura da shi babu mai lura da shi. Kada a ɗora wa 'yar shekara 12 nauyin ƙannenta. Wanda ke gadi ya ajiye waya. Nutsewa ba ta da ihu irin na fim. Bakin yaro yana nutsewa yana fitowa, ba ya samun numfashin kiran kowa, kuma cikin minti guda an gama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Robar cikin taya da ake hurawa a bayar haya, ku bar ta. Ita ce ke ba wanda bai iya ruwa ba ƙarfin halin shiga inda ya fi ƙarfinsa. Jallabiya da dogon hijabi in sun jiƙe suna naɗe ƙafa, don haka mai irin wannan sutura ta tsaya a yashi. Masu juya wa teku baya a kan duwatsu don ɗaukar hoto kuwa ban san me zan ce musu ba. Haka masu sauka daga motar dare, bayan kilomita wajen 600 da sa'o'i 10 zuwa 12 ta Buipe da Kintampo da Techiman da Kumasi, su zarce bakin ruwa ido na lumshewa. A huta tukuna. A sani kuma dogon hutun Agusta yana faɗowa ne cikin watannin da tekun wannan gaɓa ya fi hauka, daga wajen Yuni zuwa Satumba.

Masu wuraren shaƙatawa su ma da laifinsu. Mutum ya iya kafa tebur ya karɓi kuɗin ƙofa, ya iya ɗauko makaɗa, amma ɗaukar masu ceto da kafa allon gargaɗi ya gagare shi, hukumomin da ke ba shi izini kuma sun yi shiru. Kafin ka biya ko sidi ɗaya, a Labadi ne ko Kokrobite ko ina, tambayi ina masu ceto suke zaune, ka gan su da idonka, ka shimfiɗa tabarmarka kusa da su. In babu su, kallo kawai za a yi.

In Allah ya ƙaddara ruwa ya ja wani, kada wanda bai iya ba ya faɗa bayansa, domin haka ake yin gawa biyu. A yi kururuwa, a kira masu ceto ko masunta, a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko da jarkar nan ruwan ɗorawa ce da aka ɗaure bakinta, wani kuma ya buga 112. Wanda ruwan ya ja ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, kada ya yi kokawar komowa ta inda ya bi. Hanyar nan ba ta danna mutum ƙasa, fitar da shi take yi, kuma galibi ba ta da faɗi, sai ya yi iyo ta gefe, daura da gaɓa, har ta sake shi. In an fito da mutum ba ya numfashi, a daina wannan ɗabi'a ta kifa shi ko danna masa ciki wai a fitar da ruwa. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi sau 5, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2 har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo yana magana, muddin yana tari ko haki ko yawan barci, a wuce da shi asibiti, Korle Bu ko Ridge ko wanda ya fi kusa, da katin inshorar lafiyarsa. Huhun da ya shaƙi ruwa yana iya rikicewa bayan wasu sa'o'i, don haka ko an riga an yanki tikitin komawa Tamale, kada a hau motar dare da shi sai likita ya sallame shi.