Darasin Lafiyar Iyali: Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

'Yan'uwa manoma, a wannan wata za mu ajiye zancen taki da iri tukuna, mu ɗauko wata magana ta cikin gida. A ƙauyukanmu na ƙasar Buji, daga Gantsa har zuwa kan iyakar Birnin Kudu, mun sha jin an ce wance tana da ciki amma ya kwanta, sai Allah ya tashe shi. Wata takan yi wata biyar tana jira, wata har shekara. Muna so mu faɗa a fili: ciki ba ya barci. Kwanakinsa wajen 280 ne, wato mako 40. Idan ya daina girma, akwai dalili.

Wani lokaci babu cikin ma tun farko, haila ce ta ɗauke saboda ciwo ko shayarwa. Amma sau da yawa ɗan tayin ne ya mutu, jikin uwar kuwa bai fitar da shi ba. Wannan ma ɓari ne, sai dai ba ya zuwa da jini da ciwon mara kamar wanda muka sani. Kowannenmu ya ga kaza tana kwance a kan baragurbi, tana ba shi ɗumi, ba ta san ya lalace ba. Haka jikin mace yakan riƙe irin wannan ciki har makonni.

To, da me za a gane? Mace mai ƙaramin ciki ta san jikinta. Idan laulayi ya ɗauke farat ɗaya tun ciki bai cika wata uku ba, nono ya saki ya daina nauyi da tsami, sai ta lura. Wata takan ga ɗan ɗigon jini baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa a zanenta, ya zo ya tafi. Daga baya kuma ciki ya ƙi tasowa, ɗaurin zane yana nan inda yake. Idan an cika wata biyar ba a ji motsi ba, ko kuwa ana ji sai ya tsaya, wannan ba abin kwana ba ne, a tafi asibiti a ranar.

Amma kada hankali ya tashi a banza. Laulayi yakan sauka da kansa wajen wata uku ko huɗu ga mai lafiyayyen ciki. Wata kuma ba za ta ga alama ko ɗaya ba. Awon fitsari ma yakan ruɗe mu, gama zai iya nuna akwai ciki makonni bayan ɗan tayin ya mutu. Abin da yake raba gardama shi ne hoton ciki, wanda ake ce wa sikanin. Daga mako na 6 ko na 7 yakan nuna bugun zuciya. Idan ma'aikacin bai tabbata ba, zai ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu a sāke. A dawo ɗin. Kada a sha kome don fitar da ciki kafin nan. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowace mai ciki ta yi hoton nan sau ɗaya kafin mako na 24, kuma ana yinsa a manyan asibitocin Birnin Kudu da Dutse.

Haɗarin zama da mataccen ciki shi ne ruɓa da zubar jini. Zazzaɓi da rawar sanyi, ruwa mai wari, jinin da yake jiƙa tsumma bayan tsumma, jiri ko suma, ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara: ko da tsakar dare ne a nemi mota. A asibiti za a zaɓa ko a ɗan jira ya fita da kansa, ko a ba da magani, ko a yi wankin ciki. Jiƙo da saiwoyi ba sa tashin ciki, sai cinye lokaci.

Maza, ga taku. Daka da ɗiban ruwa da aikin gona ba su ne suke kawo wannan ba, balle kishiya ko maƙwabciya. Wajen rabin ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin ne tun ranar shigarsa, babu mai laifi. Zazzaɓin cizon sauro, tunjere da ciwon sukari su ma sukan jawo shi, waɗannan kuwa awo yakan kama su. Yawancin matan da suka yi ɓari sukan haihu lafiya daga baya.

Abin da ya fi damunmu shi ne kunya. Amarya mai cikin fari ba za ta iya faɗa wa mijinta ko surukarta ba, sai ta yi shiru tana ƙirga watanni. Saboda haka muna roƙon zumuntar mata ta kowane ƙauye ta ware dattijuwa ɗaya wadda 'yan mata za su iya raɗa wa. Ƙungiya kuma ta cire wani abu daga kuɗin gyaɗa ko riɗi bayan kaka, a ajiye shi dabam don kuɗin mota da na hoto. A taronku na gaba ku tsai da wanda zai riƙe asusun, da direban da za a tasa idan abin ya zo da damina.