Darasin Kasuwanci: Yadda Ganye Da Saiwa Ke Zama Maganin Kanti

Yawancin masu kantin magani ba su cika tuna cewa wasu daga cikin kayan da suka fi ciniki daga daji suka fito ba. A shekarar 1820 ne masana biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin kwinin daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka. Haka kuma a 1972 ayarin Tu Youyou a ƙasar Sin ya fitar da sinadarin artemisinin daga tazargade, aikin da ya ba ta lambar Nobel a 2015. A kansa ne aka gina magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau.

Aikin yana bin matakai. Da farko masu bincike kan nemi bayani wurin masu maganin gargajiya, sannan a tabbatar da jinsin tsiron. Sai a busar, a niƙe, a jiƙa garin cikin ruwa ko wani sinadari mai narkarwa. Ruwan da aka tace yakan ƙunshi sinadarai masu yawa, don haka a kan rarrabe su kashi-kashi, ana gwada kowane kashi a kan ƙwayar cuta har a kai ga wanda ke aikin. Bayan an gano ƙirarsa, sai gwaji a kan dabbobi, kana a kan mutane. Wannan kan ci shekara goma ko fiye, kuma mafi yawan sinadaran kan faɗi a hanya.

Nijeriya ma tana da nata misalin. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan domin masu cutar sikila, bisa wani haɗi na Rabaran Paul Ogunyale, daga masoro, kanumfari, karan dafi da itacen osun. An yi masa rajistar mallaka a Amurka a 1998. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisin sarrafa shi, ya shiga kasuwa a 2006 da sunan Nicosan. Amma uwar kamfanin ta durƙushe a 2008, maganin ya yanke wa marasa lafiya. Sai a 2018 cibiyar ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da May & Baker.

Darasin ga ɗan kasuwa a fili yake. Gano magani daban, kai shi kanti daban. Mai son zuba jari ya fara tambayar abu uku: ina shaidar gwaji, wa ke da haƙƙin mallaka, kuma wa zai noma tsiron da inganci iri ɗaya kowace damina. Ya kuma sani cewa Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi raba amfani da al'ummar da ilimin ya fito daga gare ta. Sannan sai da rajistar NAFDAC doka ta yarda a sayar.