Matakan Kallon Namun Daji daga Sansanin Wikki na Yankari

Duk wanda zai kwana a Yankari, a sansanin Wikki yake sauka. Nan ɗakunan baƙi suke, da wurin cin abinci, da gidan tarihi, da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Babu keji a nan, babu mai ɗaure maka dabba ta jira isowarka. Baƙi da yawa sukan koma gida suna cewa ban da birai ba su ga komai ba. Galibi laifin lokaci ne da gaggawa. Wanda ya san sa'ar fita, ya iya yin shiru, ya koyi karanta sawu, zai ga rabonsa. Bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

1. Zaɓi lokacin rani.
Tsara tafiyarka tsakanin Disamba da Afrilu. In da hali, ka bari sai ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, kududdufan cikin daji sun ƙafe. Dole dabbobi su gangaro kogin Gaji, wanda ba ya rabuwa da ruwa. Da damina kuwa ruwa na ko'ina, dabbobi sun warwatsu, ciyawa ta shanye tsayin mutum. Kauce wa ranakun Sallah da Kirsimeti, domin hayaniyar taro tana korar nama nesa da hanya.

2. Ware aƙalla kwana biyu.
Kada ka zo da hantsi ka juya da la'asar. Wannan shi ne lokacin da dabbobi suke kwance a inuwa. Kwana biyu zai ba ka safiya biyu da yamma biyu, waɗanda su ne lokutan gani. Nemi ɗaki tun kafin ka taso. Ka tambayi kuɗin shiga, da na kamara, da na motar zagaya daji, don kada lissafi ya ruɗe maka a bakin ƙofa.

3. Haɗa kayan aiki tun daga gida.
Ɗauki madubin hangen nesa. Mai lamba 8x42 ya isa, ba shi da nauyi, kuma ba ya rawa a hannu. Haɗa da tocila mai ƙarfi, gorar ruwa, malafa, rufaffen takalmi, ƙaramin littafi da biro. Zaɓi tufafi masu launin ƙasa ko ruwan toka, masu dogon hannu. Bar farar shadda a akwati, daga nesa dabba take hango ta. Guji baƙi da shuɗi, su ne launukan da ke jawo ƙudan tsando. In lokacin hunturu ne, saka rigar sanyi, buɗaɗɗiyar mota da sassafe ba wasa ba ce. Turare kuma ka ajiye shi sai ka dawo gari.

4. Fara kallo tun daga ƙofar shiga.
Daga Bauchi ka bi hanyar Gwambe, ka karya a Dindima, ka isa ƙofar daji a Mainamaji. Daga nan zuwa Wikki akwai wajen kilomita 42, duk cikin daji. Rage gudu sosai, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi kaɗan. Zabin daji da birai da gada sukan tsallaka titi ba sanarwa. Kada ka fita daga mota a wannan hanya, ko da fitsari ya matse ka. Taso da wuri yadda za ka isa sansani da sauran rana.

5. Tsare ɗakinka daga gwaggon biri.
Kana isa, biran nan ne za su fara tarbarka. Shigar da kaya, ka kulle ƙofa da taga, ka kulle mota. Kada ka yi yawo da leda a hannu, sun san abinci ake sa wa a ciki, za su fizge. Kada ka ba su ko ɓawon ayaba. Birin da ya saba karɓa, ranar da aka hana shi ƙwace zai yi. In babban namiji ya yi hamma ya nuna maka fiƙoƙi, gargaɗi ne. Kawar da ido, ka ja da baya a hankali. In an ƙwace wa yaro abu, a bar musu.

6. Shirya fitar gobe tun yau.
Je ofis ka yi rajistar zagayen safe, ka nemi motar da za ta fara fita. Ba a shiga daji sai da ɗan jagora, ko da motarka ce. Gaishe shi da kyau, ka tambaye shi: "Malam, ina aka ga giwaye a kwanan nan?" Faɗa masa abin da ka fi son gani, tsuntsaye ne ko manyan dabbobi. Ma'aikatan da ke sintiri kullum sun fi kowa sanin inda garke ya nufa.

7. Gwada hannunka a cikin sansani.
Da la'asar sakaliya, zauna a inuwa ka kalli gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa. Yakan durƙusa bisa gwiwoyin gaba yana kiwo, in ya tsorata ya ɗaga wutsiya sama ya zura. Da shi za ka koyi riƙe madubi. Kafa idonka a kan dabbar, sannan ka ɗago madubin zuwa ido ba tare da ka sunkuya ba. Murza ƙaramar ƙafar da ke tsakiya har hoton ya fito tas. Maimaita har hannu ya saba. Kada ka matsa kusa da uwa mai 'ya'ya, haurenta yana yanka.

8. Da dare, yi aiki da kunne.
Bayan isha'i, zauna a bakin ɗaki ka kashe waya. Za ka iya jin kukan kura, ko mujiya, ko haushin birai daga kan bishiyoyin da suke kwana. Lura da ɓangaren da sautin ya fito, ka faɗa wa jagora da safe. Kada ka taka ko'ina sai da tocila da takalmi, saboda maciji da kunama. Kada ka wuce iyakar gine-gine. Kwanta da wuri, cikin gidan sauro.

9. Fita da sanyin safiya.
Kana idar da sallar asuba, ka kintsa. Daga fitowar rana zuwa hantsi dabbobi suke kiwo da shan ruwa. Da rana ta ɗaga, sai su shige kurmi. A mota, zauna ka natsu, kada ka miƙe tsaye sai jagora ya ba da izini. Dabbobi sun saba da siffar mota, amma da zarar mutum ya miƙe ko ya ɗaga hannu, sai su watse. In ka hango abu, taɓa direba ko ka yi raɗa. Kwatanta wurin da alama: "Gindin tsamiyar can, ta hagu."

10. Koya wa idonka neman ɓangare.
Sabon shiga yakan nemi dabba sukutum a fili, shi ya sa yake wuce ta. Kai ka nemi kunne da ya motsa, wutsiya da ta kaɗa, ƙaho a tsakanin rassa. Itatuwa a tsaye suke, don haka duk layin da ya kwanta a tsakaninsu ka sake dubawa, wataƙila gadon bayan dabba ne. Bi da ido a hankali daga kusa zuwa nesa. Leƙa ƙarƙashin inuwa da bakin kurmi. Duba wuraren da aka ƙona ciyawa ta fara tofo, masu ƙaho suna son sabon tsiro.

11. Karanta ƙasa.
Roƙi direba ya tsaya inda sawu ya ratsa hanya. Sawun giwa faffaɗa ne kamar faifai, na ƙafar gaba zagayayye, na baya mai ɗan tsawo. In ka ninka kewayen sawun gaba sau biyu, ka samu kusan tsayinta zuwa kafaɗa. Na dorina yatsu huɗu ne. Na kura yana nuna farce, na zaki ba ya nunawa. Sawun da bakinsa yake da kaifi, iska ba ta share shi ba, sabo ne. In ya hau kan sawun tayar jiya da yamma, da dare aka wuce. Kashin giwa mai danshi da buzuzu ke mirginawa, da rassan da aka karya ɗanyu, alama ce garken bai yi nisa ba.

12. Bari tsuntsaye su yi maka jagora.
An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 350 a Yankari, kuma da yawansu 'yan rahoto ne. Inda carki ya tashi da ƙara, akwai ɓauna ko gwanki a ƙasa, kaska yake ci a jikinsu. Balbela tana bin garke don farin da ƙafafu ke tayarwa. Ungulaye na sauka wuri guda, akwai mushe. Zabi sun ruɗe da kuka, birai na haushi suna kallon gefe ɗaya, to wani abu ya gifta. Kashe mota, ku saurara na 'yan mintuna.

13. Bambance masu ƙaho.
Kada ka kira kowace dabba barewa. Gwanki babba ne, fuskarsa baƙi da fari, kunnuwa dogaye, ƙahonsa ya lanƙwasa baya. Kanki doguwar fuska gare shi, kafaɗarsa ta fi ƙugu tudu. Gwambaza mai gashi buzu-buzu ce, da fari a ɗuwawu, ba ta nisa da ruwa. Mazo ja ne mai zane da ɗigon fari, shi kaɗai yake rakuɓewa a bakin kurmi. Dubi fuska da ƙaho tukuna, sannan ka ɗauki hoto. Kashe walƙiyar kamara.

14. Ba manyan dawa girmansu.
Giwayen Yankari suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya. In kun haɗu, ku tsaya nesa, mota na fuskantar mafita. Kada ku tare musu hanya, kada ku shiga tsakanin uwa da ɗa. Giwa ta baza kunnuwa, ta kaɗa kai, ta yi ƙara, ku ja da baya. Tsohon ɓauna da ya ware shi kaɗai ya fi garke haɗari. A bakin kogi kada ka shiga tsakanin dorina da ruwa, kada ka tsaya dab da gaɓa saboda kada. In jagora ya sauke ku, ku tsaya inda iska ke busowa daga dabba zuwa gare ku. Saki ƙura daga hannu, za ka ga inda ta nufa. Zakuna kuwa kaɗan ne suka rage, ganinsu sai mai babban rabo, kada ka ɗora tafiyarka a kansa.

15. Yi amfani da tsakar rana.
In zafi ya tsananta, gangara maɓuɓɓugar Wikki. Ɗumin ruwanta digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Bar wani ya tsare kaya, birai suna nan a kan rassa. Kafin ka shiga ruwa, zauna shiru ka duba bishiyoyin gefe, ƙananan tsuntsaye sukan taru a wannan inuwa. Daga nan ka leƙa gidan tarihi, ka dubi ƙahoni da fatu da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. Abin da ka gani kusa a nan zai taimake ka gane shi daga nesa.

16. Koma daji da la'asar, ka zauna wuri guda.
A wannan fitar, kada ku yi ta kewaye. Nemi jagora ya kai ku mashaya ko wurin da dabbobi ke lasar gishiri. Ku tsaya rana tana bayanku, ku kashe mota. Ku jira rabin sa'a, ko da ba abin da ya motsa da farko. Dajin da ƙarar inji ta tsorata yana bukatar lokaci kafin ya saki jiki. Ku kama hanyar sansani kafin magariba.

17. Rubuta, ka ba da rahoto.
Kowace fita, rubuta abin da ka gani, da wuri, da lokaci, da adadi. Da wannan za ka zaɓi hanyar gobe. In ka ga tarkon waya, ko dabba mai rauni, ko ka ji harbi, sanar da ma'aikata nan take. Kada ka ɗauko ƙaho, ko ƙashi, ko gashin tsuntsu daga daji. Kwashe ledojinka da robobin ruwa ka fita da su. Ranar tafiya, sallami jagoranka da alheri, ka bar sansani da sassafe, ka bi kilomita 42 ɗin nan a hankali da madubinka a kusa.