Tafiyar su Sani zuwa Kwatano

1. Shiri

Sani ɗan Maraɗi ne. A shekara ta 1997 yana da shekara goma, ya gama aji huɗu. Babansa, Malam Isufu, malamin makaranta ne. Uwarsa Hadiza tana da wa a Kwatano, cikin ƙasar Benin. Sunansa Hamisu, yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Shekara shida rabon da su ga juna. Kullum wasiƙarsa ta zo, sai ya ce a kawo masa Uwani ya gani.

Uwani ita ce auta, shekararta biyu. Ta ci sunan kakarta ta wajen uba, shi ya sa ba a faɗin sunanta na yanka a gidan.

Da babban hutu ya zo, Malam Isufu ya shimfiɗa taswira bisa tabarma. Ya bi hanya da yatsa: Ƙonni, Doso, Gaya, Kandi, Paraku, Kwatano.

— Kwana shida za mu yi a hanya, in Allah ya so.

— Baba, ai direbobi sun ce kwana biyu ake yi!

— Wannan ga wanda ba shi da goyo ne. Uwani ba ta iya wuni da kwana cikin mota. Tana son barci da kunu a kan lokaci, tana son ta sauka ta taka ƙasa. Saboda haka da safe za mu riƙa tafiya, in rana ta yi zafi mu sauka.

Sani bai ji daɗi ba, don shi teku kawai yake son gani. Amma ya yi shiru.

Hadiza ta haɗa kaya: sange, sabulu, ƴar tukunya, jarkar ruwa, garin kunu, sukari, gishiri da ƙuli-ƙuli. Malam Isufu ya sa katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara cikin jaka, tare da katunan allurar rigakafi. Lawali, wan Sani, ya tsaya gida don ya taya kakansu noma, tun da damina ce.

2. Daga Maraɗi zuwa Gaya

Ranar Lahadi 3 ga watan Agusta, ranar sallar samun ƴancin kai, Sani ya dasa ice a makaranta. Ranar Litinin da asuba suka shiga mota.

Gero ya yi kore shar a gonaki. Sun wuce Madawa, sun wuce Galmi, garin albasa, suka kwana Birnin Ƙonni. Ranar Talata suka bi ta Dogon Dutsi. Malam Isufu ya nuna wa Sani duwatsun garin, ya ce a wannan ƙasa ta Arewa ne Lugu take, inda Sarauniya ta yaƙi sojojin Faransa a 1899. A Doso suka kwana. Da la'asar sun je sun ga fadar Zarmakwai. Nan Sani ya fara jin Zabarmanci ko'ina.

Ranar Laraba kafin azahar suka isa Gaya. Sun sauka gidan Malam Sumana, abokin Malam Isufu tun suna makarantar horon malamai. Da yamma Malam Isufu ya je tasha ya biya kuɗin motar da za ta kai su Kandi da safe.

3. Uwani ba lafiya

Cikin dare Uwani ta fara zawo. Kafin asuba ta yi sau biyar. Bakinta ya bushe, ta yi laushi, ba ta ko son wasa.

Hadiza ba ta jira gari ya waye ba. Ta wanke hannu da sabulu. Ta tafasa ruwa lita ɗaya, ta bari ya huce. Ta zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, ta motsa. Ta ɗanɗana, ta ji gishirin bai fi na hawaye ba. Sai ta riƙa ba Uwani da cokali, kaɗan kaɗan.

Da safe suka kai ta asibiti. Malamar asibiti ta duba idonta da bakinta, ta ɗan ja fatar cikinta ta saki.

— Kin yi daidai da kika fara ba ta ruwa tun dare. Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ga ƙunshin magani, kowane ɗaya a zuba shi cikin lita ɗaya. Kada ki hana ta kunu. In ta ƙi sha, ko kika ga jini, ku dawo nan take. Kuma kada ku shiga mota da ita yau.

Malam Isufu ya koma tasha. Direba ya ce ba ya mai da kuɗi, mota kuma ta tashi ba su. Jika huɗu suka tafi haka nan. Da ya dawo, ya zauna bakin ƙofa ya ƙirga abin da ya rage cikin jaka, sau biyu. Sa'an nan ya ce wa Hadiza:

— Mu ba ta kwana biyu. In ba ta warware ba zuwa daren Juma'a, gida za mu koma.

Hadiza ta ce to. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ko da yake shekara shida take jiran wannan tafiya.

Sani ya ji maganar. Ya fita bayan ɗaki ya yi kuka, yana cewa Uwani ta ɓata masa hutu. Da ya shigo, ya tarar innarsa tana gyangyaɗi a zaune, cokali a hannu, don ba ta runtsa ba tun jiya. Uwani tana kwance tana kallonsa da ƙananan idanu.

— Inna, kawo cokalin, ki kwanta.

Ya zauna kusa da ƙanwarsa. Duk cokalin da ta sha, sai ya ja layi ɗaya cikin littafinsa. Da ta kau da kai, sai ya yi mata kukan akuya, ta buɗe baki. Kafin la'asar shafi ya cika da layuka.

Ranar Juma'a da safe Uwani ta sha kunu rabin kofi. Hama, ɗan Malam Sumana, ya ja Sani zuwa bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Sun ga masunta suna gyaran koma, sun ga gonakin shinkafa. Hama ya koya masa Zabarmanci: «hari» ruwa, «hamisa» kifi, «fofo» sannu. Wani masunci ya ɗauke su cikin jirginsa, ya nuna musu ɗaya gaɓar.

— Can ita ce Benin.

Sani ya yi mamaki. Itatuwan can da na nan duk iri ɗaya ne.

Da suka koma gida da yamma, sun tarar Uwani tana bin kaji a tsakar gida.

4. Ƙetare gada

Ranar Asabar suka ƙetare gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Jandarmomi da ma'aikatan duwan sun duba takardu da katunan rigakafi. Ba su canja kuɗi ba, don sefar da ake kashewa a Nijar ita ake kashewa a Benin. Kasuwar Malanbil ta cika maƙil, ana ciniki da Dendanci da Hausa da Fulatanci.

Sun kwana Kandi, ƙasar auduga. Daga nan itatuwa suka ƙara tsawo, ciyawa ta fi Sani tsayi, gonakin doya suka maye gurbin na gero.

A Paraku sun yi kwana biyu a zango, don Uwani ta ƙara hutawa. Mai masaukinsu wani tsoho ne da ake kira Baba Maigoro. Ya ji Sani yana ƙorafin nisan hanya, sai ya yi dariya.

— Yaro, kakana bafatake ne. Daga Kano suke tasowa da jakai, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Su bi ta nan ƙasar Bargu, su je Gwanja su sari goro. Tafiyar watanni ce, a ƙasa, har da mata da yara. Inda suka yada kaya, nan ake kira zango. Wasu suka yada kaya ba su sake ɗauka ba. Mu ne jikokinsu.

5. Jirgin ƙasa da teku

Sani bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafi. Ya zauna bakin taga bai motsa ba. Jirgin ba ya sauri, kuma yana tsayawa ƙananan tashoshi da yawa. Wannan ya yi wa Uwani daɗi, don tana iya yawo tsakanin kujeru, fasinja suna yi mata wasa. A kowace tasha mata suna ɗago tire zuwa taga: ayaba, lemo, dafaffiyar masara. Hadiza ba ta sayi komi don Uwani ba sai ayaba, wadda ta ɓare da hannunta. Ruwan sha kuma na jarkarsu ne, tafasasshe.

Sun ga manyan duwatsun Sabe da na Dasa. Bayan Bohikon sai itatuwan kwakwar manja, sai gonakin abarba wajen Alada. Dare ya yi kafin su isa Kwatano. Kawu Hamisu yana tsaye a tasha, kwana uku ke nan yana zuwa yana komawa. Hadiza ta gan shi, ta fashe da kuka.

— Yaya, ga ƴarka.

Washegari ya kai su bakin teku. Ya ce kada kowa ya shiga ya wuce idon sawu, don igiyar ruwan nan tana jan mutum. Can nesa manyan jirage suna jiran shiga tasha. Uwani ta ga ruwa ya taso, ta ruga ta ƙanƙame ƙafar babanta. Sani ya duƙa, ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar.

— Inna, irin na Uwani ne, amma an manta da sukari!

Mu sani

Hanyar jirgi daga Kwatano zuwa Paraku tana da tsawon kilomita 438. Ta isa Paraku a 1936. Jirgin da su Sani suka shiga ya daɗe da daina ɗaukar fasinja. A 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, mutane suka koma ƙetarewa da jiragen masunta. Tun 2004, likitoci suna haɗa wa yaro mai zawo ƙwayar zinki tare da ruwan gishiri da sukari.

Kalmomi

teku : la mer
gada : le pont
kan iyaka : la frontière
sange : la moustiquaire
jirgin ƙasa : le train
tashar jiragen ruwa : le port

Mu amsa tambayoyi

1. Don me Malam Isufu ya ƙi yin tafiyar cikin kwana biyu?
2. Yaya Hadiza ta haɗa ruwan da ta ba Uwani?
3. Me Sani ya yi da ya tarar innarsa tana gyangyaɗi?
4. Su wane ne fatake? Me ake nufi da zango?
5. Kwana shida aka shirya. Kwana nawa suka yi a hanya?

Mu yi lissafi

Daga Maraɗi zuwa Ƙonni wajen kilomita 240 ne. Daga Ƙonni zuwa Doso wajen 280. Daga Doso zuwa Gaya wajen 150. Kilomita nawa su Sani suka yi kafin su isa kan iyaka?

Mu rubuta

Ka tambayi wani babba a gidanku labarin tafiya mafi nisa da ya taɓa yi. Ka rubuta jimla biyar da Hausa, ka mai da biyu daga ciki zuwa Faransanci.