Ina Za A Kai Yaron Nan Karatu?

Da zarar an gama girbi an zuba gero a rumbu, magidanci a Yasore ko wani ƙauye na ƙasar Batsari da Safana yakan shiga shawara: yaron nan ya kai shekara shida, ina za a kai shi? Kakansa ya ce a ba malam ya tafi da shi gabas. Kawunsa ya ce a sa shi firamare. Uwarsa kuwa Islamiyya take so. To jama'a, mu zauna mu auna.

Makarantar allo ita ce uwa, ba mai musun wannan. Katsina, ƙasar su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ta san karatu tun kafin a buɗe Kwalejin Katsina a 1922. A gaban malam yaro ke koyon babbaƙu da farfaru, ya wanke allonsa, ya iya gaida manya, har Allah ya kai shi sauka. Amma a tuna yadda abin yake a da: malam ya fita da almajiransa bayan kaka, da damina su dawo gona. Yau fa? Je ka tashar mota a Kano ka ga kolo ɗan shekara bakwai, roba a hannu, ƙafa duk faso, yana jiran fasinja ya rage shinkafa. Wannan yaron yaushe ya ga allo? A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun kwaso irin waɗannan yara a motoci an mayar da kowa jiharsa. Alƙur'anin da ake nema a Kano, akwai mai koyar da shi a zauren maƙwabcinka.

Boko kuma, dokar ilimi ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Sai dai kayan makaranta ba su ne karatu ba. Idan ɗanka ya kai aji huɗu, miƙa masa takardar asibiti ko ka nuna masa rubutun jikin buhun taki, ka ce ya karanta maka. In ya yi zuru yana sosa ƙeya, kada ka doke shi. Tashi ka je wurin hedimasta, ka tambayi malamai nawa ke zuwa aji a mako. Iyaye da yawa sun fi sanin lafiyar shanun huɗarsu fiye da abin da ke cikin littafin ɗansu, abin kunya ne.

Mun san mai zaune a bakin dajin Rugu yana da wata damuwa. Tun Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gaban iyaye ke faɗuwa in an ambaci makarantar kwana. Tsoron nan yana da dalili, ƙaramin yaro jeka-ka-dawo ta fi masa. Wanda kuma tashin hankali ya kora zuwa cikin Batsari ko Katsina, ya sa yaransa makarantar unguwar da ya sauka, kada ya ce sai an koma gida.

'Ya mace ma haka. Kowa na son mace ta duba matarsa a asibiti, to 'yar wa za ta yi karatun?

Shawararmu ita ce a haɗa: allo da asuba da bayan magariba, firamare da hantsi, Islamiyya bayan la'asar in akwai, yaro kuma ya ci tuwon uwarsa ya kwana a gida. Malam mai gida, ranar Litinin kama hannun ɗanka da na 'yarka, ka kai su da kanka a rubuta sunansu.