Darasin Turanci: "Allergic To"

'Yan'uwa, akwai wanda in ya sha fenisilin sai borin jini ya taso masa, fuska ta kumbura, har numfashi ya sarƙe. A ce kai ne, ka shiga kantin magani a Titin Ibrahim Taiwo, Kano, mai kanti kuwa ba ya jin Hausa sosai. Me za ka ce?

Ka ce: "I am allergic to penicillin." Wato jikina ba ya karɓarsa. Abin da ke ta da ciwon shi ke bin "to". Kada ka ce "I don't like it", zai ɗauka ɗaci ka ke gudu. Amoksisilin ma danginsa ne.

Rubuta jimlar a takarda, ka ajiye a aljihu. Ubangiji ya kiyaye mu.